CALI DA MUTANENSA

Idan yaro ya cika abin ban dariya, ya iya kwaikwayon tafiyar mutane, ya iya yamutsa fuska har kowa ya riƙe ciki, a kan ce, "Kai, wannan yaro cali ne." Mutane da yawa suna faɗin wannan kalma ba su san inda ta fito ba. Asalinta sunan mutum ne, wani Bature mutumin Ingila da a ke kira Charlie Chaplin. Bakin Bahaushe ya gajarce sunan ya koma Cali. Yadda sunan Baturen Landan ya shigo bakin mutanen Kabi, da yadda a ke yin wasan da ya sa ya yi suna, shi ne abin da za ku karanta a wannan darasi.

1. Majigi ya zo gari

A zamanin mulkin Turawa, da ƙasar Gwandu da ƙasar Argungu duk suna cikin Lardin Sakkwato ne, don ba a yi Jihar Kebbi ba sai a 1991. A lokacin nan babu talabijin, rediyo ma ba kowa ke da ita ba. Amma akwai majigi. Majigi wata mota ce ta gwamnati mai ɗauke da injin ba da wuta, da na'urar haska hotuna, da lasifika, da farin kyalle. Ta kan bi manyan garuruwan lardi irin su Birnin Kebbi da Argungu, ta kwana nan, gobe ta ƙara gaba. In ta iso, a kan kafa kyallen a fili, galibi a ƙofar fada. Bayan an yi sallar lisha sai a ta da inji. Manya su zauna, yara su yi dafifi a gaba, kowa ya zuba ido.

Wanda ya kafa harsashin wannan aiki a Nijeriya wani ma'aikacin kiwon lafiya ne, sunansa William Sellers. Ya fara ne a Ikko, yana nuna wa mutane hotunan yadda ɓera ke kawo annoba. A 1939 aka buɗe ofishi a Landan na yi wa ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila hotunan majigi, aka ɗora shi a kai. Yawancin abin da a ke nunawa na koyarwa ne: tsabta, da noma, da labarin duniya. Amma gwamnati ta san in wa'azi ya yi tsawo mutane su kan watse, saboda haka a kan haɗa da ɗan gajeren wasan ban dariya. A cikin irin waɗannan har da na Cali.

Da ya fito a kan kyalle kowa ya gane shi. Ga 'yar hula kamar ƙoƙo, ga ɗan guntun gashin baki, ga 'yar kwat ta matse shi, ga wando burgujeje, ga takalma sun fi ƙarfin ƙafarsa, ga kuma 'yar sanda mai lanƙwasa yana kaɗawa. Ba ya cewa uffan, gama hotunan zamaninsa ba su da murya. Duk da haka wanda bai taɓa jin Turanci ba ya kan yi dariya har hawaye.

2. Wane ne Cali?

An haifi Charlie Chaplin a Landan a 1889. Iyayensa mawaƙa ne a gidajen wasa, amma talauci ya yi musu katutu. Uban ya rabu da su, uwar kuma ta yi ta fama da ciwo. Yana da shekara 7 aka kai shi gidan da hukuma ke tsare matalauta, aka raba shi da uwarsa. Bai taɓa mantawa da wannan rabuwa ba.

Da ya taso sai ya shiga ƙungiyar 'yan wasa, ya bi su zuwa Amurka. A 1914 ya fara fitowa a hoton silima. Kafin shekara 4 ya yi suna ƙwarai, ya sami kuɗi har ya gina ma'aikatarsa ta kansa a birnin Los Angeles, cikin jihar Kalifoniya. Wasanninsa suna da yawa. Wanda ya fi dacewa yara su sani shi ne wanda ya fito a 1921, sunansa The Kid, watau "Yaro".

3. Labarin da ke cikin wasan

Wata mata ta haihu, ba ta da mai taimakonta. Ta ajiye jaririn cikin motar waɗansu masu arziki, tana fatan su riƙe shi. Ashe ɓarayi na kusa, suka sace motar. Da suka ji kukan jariri sai suka yar da shi a wani lungu kusa da juji. Cali, wanda ba shi da ko anini, ya zo wucewa ya tsince shi. Ya yi ta dabarar ya rabu da shi, abin ya faskara, ƙarshe ya kai shi ɗan akurkin ɗakinsa. Ya rataye butar gahawa ta zama abin shayar da jariri, ya yayyanka tsumma ya yi masa ƙyallaye.

Bayan shekara 5 yaro ya girma, suna zaune kamar uba da ɗa. Yaro ne ke toya fanke da safe, Cali na kwance. Sana'arsu kuwa ta 'yan duniya ce. Yaro ya jefi tagar mutane da dutse ya ruga, jim kaɗan sai ga Cali ya ɓullo da gilashi a bayansa, wai shi mai gyaran taga ne ya zo wucewa. Wannan wasa ne, ba abin koyi ba ne, kuma a cikin wasan ma ɗan sanda ya gano su.

Ana nan yaro ya kwanta ciwo. Likita ya gane ba ɗan Cali ba ne, ya gaya wa hukuma. Aka zo aka jefa yaro a bayan mota za a kai shi gidan marayu, yana kuka yana miƙa hannu. Cali ya kufce wa ɗan sanda, ya bi ta kan rufin gidaje, ya diro cikin motar ya rungume shi. A nan masu dariya su kan yi tsit. A ƙarshe uwar, wadda ta riga ta zama babbar mawaƙiya, ta gane ɗanta, aka kuma buɗe wa Cali ƙofar gidan.

Wanda ya karanta sashi na biyu zai gane inda Cali ya samo wannan labari. Har wa yau, a watan Yuli 1919, 'yan makonni kafin a fara ɗaukar hoton, ɗansa na fari ya rasu yana da kwana 3 a duniya.

4. Waɗanda a ke gani

Yaron da ya fito a wasan sunansa Jackie Coogan, an haife shi a 1914. Cali ya gan shi ne a wani gidan wasa a Los Angeles, inda ubansa ke rawa. Uban ya fito da shi gaban jama'a, yaro ya ɗan taka, mutane suka yi ta tafi. Cali ya lura yaron nan yana da kaifin ido, abin da duk aka nuna masa sau ɗaya sai ya kwaikwaya daidai. Aka ɗauke shi aiki.

Cali ba ya rubuta wasansa ya ba kowa ya haddace. Abin da ya kan yi, sai ya tsaya gaban ɗan wasa ya yi abin da kansa, yadda za a ɗaga gira, yadda za a juya wuya, sa'an nan ya ce a yi kamar yadda ya yi. Haka ya koya wa Jackie, har suka shaƙu ƙwarai. Cali ya ba da labari cewa wata rana ana son yaron ya yi kuka, shi kuwa wasa kawai ya ke ji. Sai ubansa ya ja shi gefe ya tsorata shi, cewa in bai yi kuka ba za a kai shi gidan matalauta na gaske. Yaro ya fashe da kuka, aka ɗauki hoto. Abin bai yi wa Cali daɗi ba, ya je yana lallashinsa, sai yaron ya nuna masa ai ya san ubansa wasa ya ke yi.

Wadda ta fito a uwa sunanta Edna Purviance. Tun 1915 ta ke aiki da Cali, ta fito a wasanninsa fiye da 30. Ɗan sanda kuwa Tom Wilson ne. Akwai wani ƙaton mafaɗaci da ya so ya lallasa Cali, shi ne Charles Reisner. In ya gama faɗan nan na wasa sai ya koma bayan na'ura, don shi ne mataimakin Cali wajen tsara aiki. Akwai wani mai ƙiba, Henry Bergman, wanda ya kan sake kama ya fito a mutum biyu ko uku cikin wasa guda. Uban Jackie ma ya fito, har da a matsayin ɗan sane. Watau mutanen ba su da yawa, amma kowa yana ɗauke da kaya fiye da ɗaya.

5. Waɗanda ba a gani

Babba a cikin waɗannan shi ne mai ɗaukar hoto, Roland Totheroh. Na'urar zamanin nan ba da lantarki ta ke aiki ba. Tana da marfi a gefe da wani hannu kamar na injin niƙa, mai ɗaukar hoto ya yi ta juya shi, kimanin sau 2 a daƙiƙa guda. Ko wane juyi yana ɗaukar ƙananan hotuna 8 a kan wani dogon zare mai kama da ɗamara. In aka haska hotunan nan a jere da sauri, sai ido ya ga kamar mutum na motsi.

To, a nan gwanintar ta ke. In hannun mai juyawa ya yi rawa, hoto ya lalace, nan haske can duhu. In kuwa da gangan ya rage saurin hannunsa, sa'ad da aka zo nunawa sai a ga mutane na gudu kamar an sako kura. Da yawa daga cikin gudun nan na Cali da ɗan sanda, da ke sa yara su faɗi don dariya, daga wuyan hannun Totheroh ya fito. Ba shi da damar ya yi dariya har jikinsa ya girgiza, ko da abin ya kai a yi. A gefensa kuma akwai na biyu, Jack Wilson, yana juya tasa na'urar, don a sami zare biyu, ɗaya na Amurka, ɗaya na aikawa ƙasashen waje. Totheroh ya yi wa Cali aiki fiye da shekara 30, amma in ya bi titi ba mai waiwayensa.

Ɗan akurkin ɗakin Cali ba na gaske ba ne. Wani mai zane, Charles Hall, shi ya tsara shi, kafintoci da masu fenti suka gina da katako a cikin ma'aikata. Sai da aka wahala kafin sabon katako ya yi kama da tsohon gida. Dandalin wasan ba shi da rufi, don da hasken rana a ke aiki, sai a ja farin yadi a sama ya rage kaifinta. In hadari ya taso aiki ya tsaya. Akwai masu ɗinki da ke mai da sabuwar riga tsumma, akwai masu ajiye kaya waɗanda aikinsu su tabbata gilashin da za a fasa yana nan, da wani, da wani kuma. Akwai masu wanke hoto da ke yini cikin ɗaki mai duhu. Mai lura da ma'aikata duka da biyan albashi kuwa shi ne Alf Reeves, wanda ya san Cali tun suna Ingila.

Dalilin da ya sa a ke tanadin gilashi da yawa shi ne Cali ba ya gamsuwa da wuri. Abu guda sai a yi ta maimaita shi, yau a yi, gobe a sake. An lissafa cewa a wannan wasa, ko wace ƙafa guda ta zaren da aka nuna wa jama'a, sai da aka ɗauki ƙafa 53. Sauran 52 an ajiye su gefe. An yi kusan wata 9 ana ɗaukar wasan da nuna shi bai wuce awa guda da 'yan mintoci ba.

Da aka gama ɗauka, saura yanka da haɗi, watau a zaɓi masu kyau a manne su bi da bi. A nan wata wahala ta taso. A 1920 Cali na cikin wata shari'a, ya ji tsoron kada a riƙe masa zaren. Totheroh da Reeves suka naɗe shi cikin gwangwanayen gahawa, aka fita da shi daga Kalifoniya zuwa wani gari, Salt Lake City. A ɗakin masauki suka baje shi suka yi aikin. Kasada ce babba, gama zaren zamanin nan ya kan kama wuta kamar fetur. Allah ya kiyaye, aka gama lafiya. Aka fara nuna wasan a watan Janairu 1921.

Ko bayan wannan akwai sauran hannu. Tun da hoton ba ya magana, a gidajen silima na Turai da Amurka a kan sa makaɗa su zauna gaban kyalle suna kiɗa, in gudu a ke su yi sauri, in kuka ne su sassauta. A majigin ƙasar Hausa kuwa mutum uku ne ke riƙe da aikin: direba, da mai haska hoto, da tafinta. Tafinta ya kan tsaya da abin magana a hannu yana bayani da Hausa. In an dace da gwani, shi ke sa wa mutanen kyalle magana a baki, ya jefa karin magana inda ya dace. Shi ma yana cikin masu aikin, ko da ya ke su Totheroh ba su taɓa jin labarinsa ba.

6. Haƙƙin ma'aikaci

Wasan ya karɓu a duniya, Jackie Coogan ya zama yaron da ya fi kowane yaro suna a zamaninsa. Ya fito a waɗansu wasanni da yawa, ya tara kuɗi miliyoyin daloli tun bai yi gemu ba. Kuɗin suna hannun iyayensa. A 1935 ubansa ya rasu a haɗarin mota, uwar ta auri wani. Da Jackie ya kai munzali ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar an cinye yawancinta, an sai motoci da kayan ado. A 1938 ya kai ƙara. Bayan an gama shari'a abin da ya samu dala 126,000 ne kawai.

Wannan abu ya ta da hankalin mutane. A 1939 jihar Kalifoniya ta kafa doka, wadda har yanzu a ke kira da sunan Coogan, cewa in yaro ya yi wasa a ajiye masa wani kashi na ladansa, kada kowa ya taɓa sai ya girma. Shi dai bai ci moriyarta ba, amma yaran da suka biyo bayansa sun ci. Ya ci gaba da sana'arsa har ya rasu a 1984.

Edna Purviance kuwa nata ya zo da sauƙi. Ta daina wasa tun kafin hoto mai magana ya kafu, abin da ya faro daga 1927. Amma Cali bai soke sunanta daga takardar albashi ba har ta rasu a 1958. Shi kansa ya rasu a ƙasar Suwizalan a 1977.

Zaren zamanin nan ba ya jure ajiya, ya kan ruɓe ko ya ƙone. An ƙididdige a 2013 cewa cikin dogayen hotuna marasa murya da aka yi a Amurka, kashi 70 cikin 100 sun ɓace ƙurmus. Wannan na "Yaro" ya tsira don an sami masu adana shi, shi ya sa har yau ana iya kallonsa.

7. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Yaran Argungu sun san bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka fara a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ran biki, wanda ya kama giwan ruwa mafi girma shi a ke ɗagawa, shi a ke ba kyauta, sunansa a ke faɗi. Amma wani ne ya saƙa homar da ya kama kifin, wani ya shuka goran da ya hau, Sarkin Ruwa ya kiyaye wurin shekara guda don kifi ya yi ƙiba, makaɗa kuma suka zuga shi har ya nutsa. In aka cire ɗaya daga cikin waɗannan, bikin ya ragu.

Haka wasan Cali ya ke. Shi gwani ne, ba mai musu. Amma dariyar da aka yi a ƙofar fada ta bi ta hannun mai juya na'ura, da kafinta, da tela, da mai wanke hoto, da direban da ya ratso yashi da motar majigi. Saboda haka in kun kalli wasa, kada ku tashi da zarar labari ya ƙare. Ku tsaya ku karanta sunayen nan da ke wucewa a ƙarshe. In kuma kun shirya wasan kwaikwayo a makaranta, wanda ya share fili da wanda ya aro kujeru a kira sunansu tare da na wanda ya fito a sarki.

TAMBAYOYI

1. Daga ina kalmar "cali" ta fito?
2. Faɗi kaya huɗu da motar majigi ke ɗauke da su, da mutum uku da ke aiki da ita.
3. Wane abu ne ya sami Cali yana yaro wanda ya sake fitowa a cikin wasan?
4. In mai ɗaukar hoto ya rage saurin hannunsa, me a ke gani a kan kyalle?
5. In ko wace ƙafa guda da aka nuna sai da aka ɗauki ƙafa 53, ƙafa nawa aka ɗauka kafin a sami ƙafa 100?
6. Don me aka kafa dokar Coogan, kuma a wace shekara?
7. Tambayi wani tsoho a unguwarku ko ya taɓa ganin majigi. Rubuta abin da ya gaya maka cikin layi goma.